Ba Gaba Nake Yi Ba

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau ma ta zo da filas ɗinta. Malama Hamdiyya, wadda aka turo mana daga Bakura wancan zangon. Mace tana koyar da aji huɗu kamar mai lallashin jariri. Ba tsawa, ba ɗaga murya, sai ta tafa hannu ta tsaya tana kallon yara har su yi shiru. Ana tashi tara ta ja kujera gindin dogon yaro tana kurɓar ruwan ɗumi, a wannan zafin! Wai hutawa take. Mu da muke ofis muna duba aikin yara, mu ne ba mu san ciwon kanmu ba ke nan.

Har da ce mini, "Malama Taibatu, muryarki ta hwara dishewa, ki rage tsawa." Ji mini yarinya. Ina riƙe da aji shida tun tana goye. Muryar nan tawa har masu sayar da kifi a bakin titi sun san ta. Haushinta nake ji, gaskiya.

Talata, 7 ga Mayu

Ranar kasuwa. Ajina na jikin titi, motocin Gusau da na Sakkwato sai ham suke. Ina tsakiyar lissafi, na ɗaga murya don na baya su ji, sai ta ɗauke ɗif. Baki na motsi, ba abin da ke fita. Yaran suka kwashe da dariya. Na buga dasta a tebur har ta rabe biyu.

Duk bakin waccan ne.

Alhamis, 9 ga Mayu

Citta da zuma. Kanumfari. Ba canji. Maƙogwaro kamar na haɗiyi ƙaya.

Asabar, 11 ga Mayu

Baban Surayya ya matsa sai da muka je Gusau. Likita ya leƙa ya ce wurin da murya ke fita ya kumbura saboda yawan tsawa. Wai in yi mako uku ban yi magana ba, ko raɗa kada in yi. In na ƙi, to in shirya zama da disasshiyar murya har ƙarshen raina. Ya faɗa ido cikin ido, ko ɗan sassautawa babu.

A mota Baban Surayya ya ce in sanar da Hedimasta, Malam Muttaka, in huta a gida. Na girgiza kai. Jarrabawar shiga sakandare ta matso. Ina cewa ba ni da lafiya, Malam Muttaka zai ɗauki ajina ya miƙa wa mai filas, kuma abin da aka miƙa a makarantar nan ba ya dawowa. In yaran sun ci a ce ita ce. Wallahi a'a. Zan je, zan rubuta musu a allo, ba wanda zai sani.

Tsoro nake ji. A nan kawai zan faɗa.

Litinin, 13 ga Mayu

Darasi bai ba ni wuya ba, alli ya yi aikinsa. Gaisuwa ce ta kashe ni. Ban taɓa lura da tsawon gaisuwarmu ba sai yau. An kwana lahiya, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina zahi, ina haƙuri da aiki. Kowanne sai an amsa, kuma kowane malami da nasa. Ni kuwa sai gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Hamdiyya ta risina ta gaishe ni a ƙofar ofis. Na ɗaga mata hannu na wuce. Ita kam ko da muryata garau abin da za ta samu ke nan.

Laraba, 15 ga Mayu

An fara. Ina shiga ofis ana yin tsit. Na ji Malama Farida ta aji biyu tana cewa, "Gaba taka yi da mu. Mi munka yi mata?" Wata ta ce ai da Hamdiyya ce, sauran kuwa shafarsu kawai abin ya yi.

Munafukai. Shekara da shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, ba wadda ta ce ko lafiya. Sai gaba. Ni na yi kama da mai gaba? In ina fushi da mutum ai har unguwarsu za a ji.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na iske kofi a teburina da ruwan ɗumi, an rufe da murfi. Na san aikin wace ce. Na zuba wa shukar bakin taga, tana kallo.

Juma'a, 17 ga Mayu

Wannan rana ba zan manta da ita ba.

Kafin a tashi Hedimasta ya tara malamai duka a ofishinsa. Zaman sulhu! Ni da Hamdiyya, a gaban kowa, kamar yaran da suka yi dambe. Ya gyara hula ya yi ta wa'azi, gaba haramun ce, musulmi ɗan'uwan musulmi ne, yara na kallonmu. Ya juyo ya ce, "Malama, ke ab babba. In ta yi miki laihi ki hwaɗi a ba ki haƙuri."

Na yi shiru. Me zan yi?

Sai yarinyar nan ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabana. Ta ce in yafe mata maganar da ta faɗa kan muryata, ba raini ba ne. Ta ce mahaifiyarta malama ce a Maradun, haka ta yi ta tsawa har murya ta tafi, yanzu jikokinta sai sun kai kunne bakinta suke jin abin da take cewa. Ta ce ganina na tuna mata da ita.

Tausayina take ji. Ni! A gaban Farida! Raina ya ɓaci, na miƙe don in wanke ta tas, na buɗe baki da iyakar ƙarfina. Iska ce ta fito, da wani ɗan ƙara irin na ƙyauren da ya yi tsatsa. Na sake gwadawa. Haka dai.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Hedimasta ya ce, "Subhanallahi. Tun yaushe?" Na zauna, hawaye suka ci amanata.

Nan take ya yanke hukunci: in tafi gida, Hamdiyya ta riƙe aji shida. Abin da na guda. Sai ta ce ita ba za ta karɓi ajin Malama ba, aronsa za ta yi. In riƙa rubuta darasin kowace rana a gida, ita ta karanta musu, ranar da na dawo ta koma aji huɗu. Ya ce ya amince, kowa shaida ne.

Iya tsara zance. Za mu gani.

Talata, 21 ga Mayu

Gida. Barcin rana na yi, rabona da shi tun haihuwar Surayya. Ciwon kan nan na bayan Azahar, wanda na ɗauka halittata ce, kwana biyu bai zo ba.

Asabar, 25 ga Mayu

Ta zo karɓar darasin mako. Ta tsaya a tsakar gida ta yi gaisuwar nan tun daga farko har ƙarshe, tana tambaya tana amsa wa kanta. "Ina gajiya? Babu gajiya. Ina jiki? Da sauƙi." Surayya na ta dariya. Ni ban yi ba. Tari ne ya kama ni.

Rubutunta a littafin yaran ba laifi. Ta cika ba da maki dai.

Litinin, 3 ga Yuni

Likita ya ce kumburin ya sauka. In yi magana kaɗan kaɗan, ƙasa ƙasa, in riƙa jiƙa maƙoshi, kuma tsawa ni da ita har abada.

Na koma. Na iske ta kwashe kayanta daga teburina, ta ajiye sabuwar dasta. Ajin ya kaure da murna, hayaniya kamar kasuwar Talata. Na ja numfashi zan daka musu tsawa, sai na tsaya. Hannuna ne ya yi ƙaiƙayi, na ɗan buga shi da ɗayan. Suka yi tsit. Na fara darasi a hankali, har na layin baya suna miƙo wuya.

Da aka tashi tara ofis ya yi zafi, shi ya sa na fita gindin dogon yaro. Can na same ta, ai ba bishiyar gidansu ba ce. Muryar da likita ya ce in yi tattali, na ga gara in kashe ta yau a wuri ɗaya in huta. Ni na fara gaishe ta. Ina gajiya, ina gida, ina haƙuri da yarana. Har na tambayi jikin mahaifiyarta.

Gaisuwa ce kawai, don kada a ce ina gaba. Ruwan nata ma ya cika zafi. Gobe zan zo da nawa.