A Bakin Ƙofar Coci

Yaya Leimara, gaisuwa daga Mildura. Ya Mama da yara? Ƙawayena masu jiran hoton saurayi su ƙara haƙuri!

Lafiya lau nake, muna ta tsinkar inabi. Sai dai jinin al'ada ya ƙi tsaya mini, sati shida ke nan. Kin san Kaka da dokar Musa, mai jini ba ta shiga coci. Ran Lahadi a bakin ƙofa na tsaya. Matar Fasto ta kamo hannuna: "Ke 'yar nan, mai jinin da ta taɓa rigar Yesu, korar ta ya yi? Shigo. Gobe kuma asibiti."

Na shiga, amma goben nake tsoro. Kar Mama ta ji. Ke da kika taɓa irin wannan, me likita ya ce miki?

Ƙanwarki, Leitau