Tsahara Ta Dawo Cikin Tulu

Litinin, 2 ga Satumba, 2019

Gobe Filip zai iso da gawar Tsahara. Har yanzu hannuna ba ya son rubuta kalmar nan.

Iyayenta Turawan mishan ne, Marta suka sa mata, amma a nan Tibiri aka haife ta. Innata ce ta goye ta, ita ce kuma ta laƙaba mata Tsahara. Ƙwarya ɗaya muka sha fura. Ta auri Filip, ɗan ƙasar Suwis, suka tafi Japan koyarwa, suka yi wajen shekara talatin. Wasiyyarta ɗaya ce, a kwantar da ita kusa da Inna. Na sayi farin yadi, na fito da sabuluna da turare. Matan ikilisiyarmu nawa na wanke, ita ce zan bar wa wani?

Talata, 3 ga Satumba

Wayyo ni, Saloma!

Ni da maigidana Andarawus muka ari motar ɗaukar kaya muka je tasha a Maraɗi, har da tabarma a baya. Filip ya sauko daga motar Yamai da jaka ɗaya, da wani ɗan akwati naɗe da farin ƙyalle rataye a wuyansa. Ya sunkuya mana kamar mai neman allura a ƙasa. Na tambaye shi da Faransanci ina akwatin gawar. Ya ɗaga na wuyansa da hannu biyu, ya ce, "Ga ta."

Ƙone ta suka yi! Wai a can kusan kowa haka ake yi masa. Cikin akwatin akwai ɗan tulu na tangaran, Tsahara tana ciki. Ban san lokacin da na zauna a kan buhun albasar wani ba.

Laraba, 4 ga Satumba

Ban iya hura wuta ba yau. Filip yana gidan ɗanmu Hezekiya a Sabon Gari. Na ce abin nan ba zai shigo mini gida ba.

Alhamis, 5 ga Satumba

Ya zo gaisuwa, ba tare da tulun ba. Tun daga zaure ya tuɓe takalmansa, ya jera su suna kallon waje. Na kawo masa tuwo, ya haɗa tafin hannu ya sunkuya wa kwanon.

Andarawus uban tambaya ya yi ta jan sa da hirar Japan. Wai a jirgin ƙasa mutane cike maƙil, amma ba mai ce wa wani uffan. Wai kifi ɗanye suke ci, da gangan, ba don rashin itace ba. Wai mutum yana waya yana sunkuyawa, alhali wancan ba ya ganinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ba ka faɗa gidan maƙwabci haka kawai, sai ka sanar tukuna. Ya ce mutanen kirki ne, ba su taɓa ɓata musu rai ba, amma har yau in ya ci shinkafa da tsinkaye biyun da suke cin abinci da su maimakon cokali sai a yaba masa, kamar jiya ya zo. Ya ce Tsahara takan tsaya a taga ta ce, da ma wani ya ƙwala sallama ya shigo aron gishiri.

Haushi ya kama ni. Kun bar ta cikin kaɗaici, sannan kun sa mata wuta.

Juma'a, 6 ga Satumba

Dattawan ikilisiya sun zauna. Andarawus ya ce Baba Gado ya buga sandarsa ya ce, "Mu gawa muke rufewa, ba toka ba. Ran tashin matattu da mi za ta tashi?" Fasto ya ce a bari sai Lahadi bayan sujada, kuma a ji ta bakina, tunda ni ke yi wa mata sutura.

Filip zai koma mako mai zuwa. In an hana, ya ɗauke ta ya mayar Japan, ta zauna a kan kantar ajiye kaya a ɗakinsa. Gaskiya ni ma ina bayan Baba Gado. Amma a kan kanta?

Asabar, 7 ga Satumba

Andarawus ya ja mu Jiratawa wai Filip ya ga lambunsa ya sha iska. Muka zauna a bakin magudanar ruwa. Na daure na yi tambayar da ke cin raina: wa ya wanke ta?

Ya ce ba toka ba ce a ciki, ƙasusuwa ne. Bayan wuta ta mutu sai a fito da su a kan faranti, a ba dangi dogayen tsinkaye. Mutum biyu ke kama ƙashi ɗaya tare, su sa a tulu. Da irin abin da suke cin abinci!

Ya ce su ba su da ɗa, ba su da dangi a can, ya tsaya shi kaɗai da tsinke a hannu. Sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarsu mai suna Sato, wadda duk zamansu gaisuwar bakin ƙofa kawai ke haɗa su. Ta zo cikin baƙaƙen kaya, ta ɗauki tsinke ta tsaya kusa da shi. Ita ta nuna masa daga ƙafa ake farawa, a ƙare da kai, don kada mamaci ya zauna a kife. Kuma tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, tana ce wa Tsahara sannu da gajiya.

Na tashi na shige cikin zogale. A can kuka ya zo mini. Ni ma ina yi wa matattu magana in ina yi musu wanka. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Lahadi, 8 ga Satumba

Na miƙe gaban dattawa. Na ce an yi mata sutura irin ta mutanen can, kuma hannun maƙwabciya ya taɓa ta.

Baba Gado ya ce, "Ke Maman Hezekiya, ba ke kika ce ba ta shiga gidanki ba?"

Na ce, "Na hwaɗi, Baba. Amma waɗanda kuka rufe tun ina yarinya, mi ya rage nasu yanzu in ba ƙashi ba?"

Bai ce ya yarda ba, ya dai tambayi Fasto wace rana za a yi.

Litinin, 9 ga Satumba

Filip ya kawo tulun, tana ɗakina. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Talata, 10 ga Satumba

Na naɗe tulun da farin yadin nan, na sa turare. A maƙabarta na tarar an haƙa ɗan rami mai zurfi kamar za a dasa mangwaro, wai a tsayar da ita a ciki. Na ce ban yarda ba, a faɗaɗa. Tunda tsohuwar nan ta jera ta daidai, na san inda kai yake. Na ɗaure murfin tam, na durƙusa na kwantar da ita da hannuna, kanta yana kallon inda na Inna yake kallo. Na ce mata tsayuwar ta isa haka, ta huta.

Filip ya yi kuka kamar yaro. Baba Gado ne ya fara zuba ƙasa.

Laraba, 11 ga Satumba

Na ja wa Andarawus kunne, ni dai kada wanda ya kusanto ni da ashana in na mutu. Wannan al'ada ban yarda da ita ba, ba kuma zan yarda ba.

A tasha na ba Filip turmin atamfar da nake ajiya don Kirsimeti, ya kai wa tsohuwa Sato. Ya ce me zai ce mata? Na ce ya ce Saloma ta Tibiri tana yi mata sannu da aiki, ta yi mini abin da ya kamata in yi.

Da zai shiga mota ya sunkuya mana. Andarawus ya rantse wai ni ma na sunkuya. Zanina nake gyarawa.