Abin da Bakinka Ya Jawo wa Anti Konadu

Kwadaso, Kumasi

Zuwa ga yayana Boakye,

Gaisuwa ce daga ƙanwarka Oforiwaa, tare da roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Afrakoma da yara. Mun ji an ce sanyin Hamburg na bana ya yi tsanani, Allah ya tsare ku daga mura da ciwon ƙirji, ya sa albarka a aikinka na tashar jiragen ruwa. Mu ma nan mun gode wa Allah. Gwiwoyin mahaifiyarmu Maame dai sai haƙuri, amma man shafawar da ka aiko yana ɗan sassauta mata. Kawunmu Wofa Adomako ya dawo daga gonar koko, ya ce bana ruwa ya yi musu daidai. 'Yata Boahemaa ta fara zuwa asibiti koyon aikin jinya, har ta soma yi mana faɗa a kan yawan gishiri a miya. Shagona na kitso yana nan yadda ka san shi, yau a cika gobe a zauna ana hamma.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna alhali ga waya. Dalili shi ne in na kira ka ba ka barina in kai ƙarshen magana. Ka saba da zama gaban waya kana zuba kai kaɗai, mutane suna tura maka alamar tafi. Takarda kuwa ba za ka iya katse ta ba. Zan ba ɗan fastonmu da zai taso ƙarshen mako ya damƙa maka hannu da hannu.

Maganar shari'ar kisan Agyekum mai katako ce, wadda ake nunawa a talabijin. Kada ka ɗauka ni ba na kallo. Tun ranar da aka gurfanar da Darkwa abokin cinikinsa, talabijin ɗin shagona bai ƙara nuna wani abu ba. Matan da ke zuwa kitso sun rabu gida biyu, wasu sun rantse Darkwa ne ya kashe shi saboda rikicin wurin yankan katako, wasu kuma sun ce a dubi matar mamacin da kyau, kukanta ba hawaye. Akwai ranar da wata ta tashi da rabin kai a tsefe ta fice, don kawai na ce ban ga laifin kukan matar ba. Ga kuma haushin shari'ar kanta. Ka share aikinka ka zauna, sai a ce lauya ba shi da lafiya, an ɗage. Wani makon tafinta ne bai zo ba. Ranar da likitan da ya duba gawa zai faɗi abin da ya gani, yana buɗe baki aka ɗauke wuta, muka rufu a kan wayar mutum ɗaya, ita ma tana tsayawa tana juyawa, muka ƙare da karanta sharhin mutanen da su ma ba su ji komai ba. Duk da haka gobe in an zauna, muna nan. Saboda haka na san daɗin abin, na san yadda yake kama mutum.

Da ka fara hawa Facebook kowace yamma kana fashin baƙin zaman kotu, har alfahari muka yi. Maame ta riƙa gaya wa matan coci cewa ɗanta da ke Jamus ya fi lauyoyin iya bayani. A shago in ka fara, sai a rage muryar talabijin a ce a saurari yayan Oforiwaa. Ka tsaya a kan cewa Darkwa bai yi ba, matar ce ta shirya komai, kuma ba wanda ya hana ka ra'ayinka.

Sai ranar da aka kira Anti Konadu ta ba da shaida. Ka fi ni sanin ta. Tun muna yara take zaune a bakin titin nan, daura da ƙofar gidan Agyekum, tana gasa agada tana ƙulla gyaɗa. Ba ita ta kai kanta ba, 'yan sanda ne suka zo suka tambaye ta, ta ce ta ga motar Darkwa ta shiga gidan da yammacin ranar. Ta je kotu da zanenta na zuwa coci. Lauyan Darkwa ya tambaye ta launin motar, ta ce ruwan toka. Ya zagaya da ita, ya kawo wannan ya kawo wancan, ya sake tambaya, ta ce shuɗi-shuɗi. Da ya matsa mata, sai ta ce ita fa agadarta take juyawa kada ta ƙone, ba ta san wata rana za a tsayar da ita a tambaye ta fenti ba. Kotu ta yi dariya. Mai ɗaukar hoto ya matso da na'urarsa kan hannuwanta, duk ƙasar nan ta ga yadda take murɗa bakin zanenta. A shagona ba wadda ta yi dariya, domin duk mun san ta. Aka tashi ba a gama da ita ba, aka ce za ta dawo.

A yammacin nan ka ɗaura ɗankwalin Afrakoma a kai, ka karkace baki, kana kaɗa hannuwa kana kwaikwayon muryarta. Ka laƙaba mata suna Toka-ko-Shuɗi. Ka ce matar mamaci ce ta saye ta. Abin da ya fi ci mini rai, ka ce duk ɗan Kwadaso ya san inda take zama, har ka kwatanta wurin, kusa da gidan mai, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Yaya Boakye, wannan matar ce fa da Maame ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu, ina asibiti da cikin autana, kai kana can, ta rufe sana'arta ta tare a gidanmu. Ita ke ɗaga ta, ita ke yi mata wanka, ita ke daka mata fufu mai laushi don ta iya haɗiyewa. Kai da bakinka ka kira ta a lokacin kana kuka kana cewa ba ka da abin saka mata.

Ga abin da ya biyo baya, tunda daga can ba a hango shi. Washegari samari suka fara zuwa a kan babura, kowa da waya a ɗage. Sai su tsaya gabanta su nuna wata mota da ke wucewa su ce, "Anti, wannan fa wane launi ne?" Su kwashe da dariya su tafi su ɗora a Facebook. Da farko tana murmushi tana cewa Allah ya shirye su. Daga baya masu saye suka ɗauke ƙafa, don ba mai son fuskarsa ta fito a hoton. Wasu suka samo lambar 'yarta suna tura mata zagi, har da cewa uwarta za ta sa a rataye wanda bai ji ba bai gani ba. Wata safiya ta tarar an kifar da murhunta a kwata, an tattaka ragar gashin. Ta ɗaure kayanta ta hau mota zuwa wurin ƙanwarta a Mampong. Yanzu lauyan gwamnati yana ta aike a neme ta, ita kuma ta ce ko da igiya za a ja ta ba za ta sake tsayawa gaban waccan na'urar ba. Aka sake ɗage shari'ar, kai kuma ka hau ka ce ai ga shi nan, maƙaryaciya ta gudu.

Da na kira ka, ka ce kai ba ka aiki kowa ba, kowa da hankalinsa, kuma gaskiya kake nema wa Darkwa. Ka ƙara da cewa masu kallonka sun ninka, kamar wannan albishir ne. Ni ban san wanda ya kashe Agyekum ba. Mai yiwuwa kai ke da gaskiya, mai yiwuwa Anti Konadu ta ruɗe, wata motar ta gani. Akwai alƙali, akwai mutanen da aka zaunar su taya shi, akwai lauyan da aikinsa ke nan ya rikita mai shaida, kuma ya yi. Amma Darkwa ba ka taɓa ganinsa ba sai a gilashin waya. Ita kuwa ka san ƙamshin hayaƙin da ke jikin zanenta.

Na yi iya ƙoƙarina in ɓoye wa Maame, amma bayan an tashi coci wata ta miƙa mata waya ta ce ta ga ɗanta. Ta kalla har ƙarshe a tsaye, tana dogare da sandarta, ta mayar wa matar wayarta ta ce ta gode. Da muka iso gida ta ji labarin wata mai soya doya ta fara kai benci ƙarƙashin mangwaron, tana neman gaje wurin. Da safe ta sa Wofa Adomako ya kai murhun aka gyara, ta sayo gawayi da agada, ta ce a tsayar mata da tasi. Na roƙe ta, na tuna mata gwiwoyinta da hawan jininta, ta ce in matsa mata daga hanya. Tun ranar take zuwa ta zauna a wurin daga hantsi har la'asar. Ba ta iya gashin ba, rabi ƙonewa yake yi, hayaƙi yana sa ta tari, amma wurin yana nan ba wanda ya taɓa.

Samarin sun dawo, suka tarar da wata tsohuwa daban. Ina tsaye na kawo mata ruwa. Ɗaya ya ɗaga waya ya tambaye ta ina Toka-ko-Shuɗi. Maame ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta dubi wayar sosai ta ce, "Ɗauke ni da kyau, ɗana. Ni ce uwar Boakye na Jamus da kuke kallo. Ni na haife shi, waccan da kuka kora kuma ita ta wanke mini kashi lokacin da yake can. Ku ɗora, ku tabbata ya gani." Suka ɗora kuwa. Na san ya iso gare ka, don har daga Italiya an kira ni a kai. Sai dai na lura a cikin duk abin da kake fashin baƙinsa, wannan kaɗai ne ba ka taɓa ba.

Abin da nake roƙonka kaɗan ne. Kada ka hau Facebook ka ba da haƙuri kana share ido don a tura maka tafi, wannan wani sabon kallon ne kawai, kuma sunanta za a sake ja. Ka sauke hoton ɗankwalin nan. Ka kira Anti Konadu kai da ita, ba mai ji, na rubuta lambar ƙanwarta a bayan takardar nan. In ta zage ka, ka yi shiru ka saurara. In Allah ya sa ta yarda ta koma kotu, ranar ka kashe wayarka ka kai yara yawo. Maame ta ce ba za ta ɗaga kiranka ba sai ranar da Konadu ta dawo ta karɓi murhunta, kuma ka san ta in ta faɗi abu. Damina na ƙaratowa, ni kuma ban san kwana nawa tsohuwar nan za ta iya a bakin titi ba.

Ka gaishe mini da Afrakoma da kyau, ka ce mata na san ba da son ranta aka ari ɗankwalinta ba. Ka shafa mini kan Nyamekye da Pokuaa, ka ce gwaggonsu tana jiran hotonsu cikin ƙanƙara. Wofa Adomako yana gaishe ka, ya ce akwai maganar da sai kun haɗu ido da ido. Boahemaa da ƙannenta suna gaida kawunsu. Na tambayi Maame ko tana da saƙo, ta ci gaba da ɓare agadarta. Ba ta ba ni gaisuwa ba, ni kuma ba zan ƙirƙira maka ba.

Ƙanwarka da ba ta daina yi maka addu'a ba,
Oforiwaa