Igiyar Injin Baba

Sabon Gari, Zariya.

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kin isa Kagoro lafiya. Yaya jikin 'yar'uwata Christabel da jaririyar? An ce waya ba ta shiga a unguwarsu, shi ya sa na ba direba wannan. Mu lafiya lau, sai dai Baba yana fushi, tuwo ma sai an lallaɓa shi.

Kin tuna madacin nan na harabar cocinmu a Samaru? Iskar ruwan farko ta karkatar da shi kan azuzuwan yara, dole a kayar da shi. Dattijo Oluwole, shugaban kwamiti, ya ce a kira samarin Hanwa masu sabon injin yankan itace, wai na Baba ya tsufa, zai shaƙe a tsakiyar gindi. Baba fa, mutumin da tun kafin a haife ni yake sare wa coci rassa kyauta. Baba ya ce in aikin nan ya wuce shi, ya ajiye inji ke nan har abada, kuma kin san shi ba ya magana biyu.

Na roƙi kwamiti su ba mu zuwa Asabar ta sama. Oluwole bai yi ƙarya ba, numfashin injin ya ragu. Amma gyaran inji sana'ata ce, kuma ƙarfen da aka yi na Baba da shi ba a yin irinsa yanzu. Zan buɗe masa hanyar numfashi, in ƙara masa matsi, in gyara lokacin da wuta ke kamawa. Da ƙyar ya sake mini shi. Har bakin titi ya biyo ni yana maimaita dokarsa da kika sani, cewa injinsa shi kaɗai ke jan igiyarsa, kuma wanda bai iya tayar da inji ba bai isa riƙe shi ba. Na ce to sai ya yi mini afuwa ranar gwaji.

Ki kwantar da hankalinki, madacin nan Baba zai kayar da shi.

Ɗanki,
Felix.

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da mai jego. Na ji an sa wa yarinya sunanki, Allah ya raya Scholastica ƙarama, ya ba ta haƙuri fiye da na kakanta.

Aiki ya kammala, kuma ba yabon kai ba, ya yi. Na san ba ki da ruwa da fistan da silinda, amma ba ni da wanda zan yi wa alfahari sai ke. A jikin silinda akwai ƙofofi, ta nan mai da iska ke shiga, ta can hayaƙi ke fita. Su na bi da ƙaramin magagari na faɗaɗa, kaɗan-kaɗan, don abin da ka ci daga ƙarfe ba ya dawowa. Na buɗe bakin salansa. Abiodun, maƙwabcina mai injin sassaƙa ƙarfe, ya rage mini gindin silindar don matsi ya ƙaru. Na auna ratar da ta rage a saman fistan da zaren dalma, shi yana tsaye yana cewa zan kashe wa tsoho inji, in gudu Legas. Lokacin kamawar wutar kuma na matso da shi gaba kaɗan.

Da muka gwada shi a kan wani kututture a kasuwar katako, Mama, shiga ya yi kamar wuƙa a kabewa. Masu katako suka bar ciniki suka zo kallo, Abiodun ya koma cewa ai aikinsa ne. Igiyar dai ta yi tauri, har sau ɗaya ta fizge mini hannu, amma inji mai lafiya haka yake.

Samarin Hanwa suna ta cika baki. Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa, Asabar na tafe.

Naki,
Felix.

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida. Madaci ya faɗi. Na fara da wannan don kada zuciyarki ta tsinke da sauran.

Jama'a sun cika harabar, samarin Hanwa na gefe da injinsu ko za a buƙace su. Baba ya taka injin, ya kama igiya ya ja, ta tsaya cak a rabi. Ya sake ja, ta fizge shi. A ja na gaba na ga ya dafe kafaɗarsa ta dama. Kunya ta kama ni, da tausayi. Na auna komai a cikin injin nan, amma hannun da zai tayar da shi tun ina yaro na daina duba shi. Ashe Baba ya tsufa, Mama. Ke kin sani ba ki faɗa ba?

Ban matsa ba, don na san dokarsa, kowa a wurin ma ya san ta. Oluwole ya fara waiwayen samarin. Baba ya daɗe yana kallon injin, sannan ya ɗago ya ce, "Felix, kai ka koya masa taurin kai. Zo ka tashe shi."

Na ja, ya tashi, na miƙa masa. Daga nan kuwa sai kallo. Ya zagaya itacen, ya sa aka ɗaura igiyoyi, ya yanke masa baki ta wajen fili, ya koma ta bayansa ya ci gaba da yanka. Injin bai shaƙe ba ko sau ɗaya. Madacin ya kwanta tsakanin aji da katanga, ko kwanon rufi ɗaya bai taɓa ba. Oluwole da kansa ya kawo wa Baba ruwa.

A hanyar gida na ce zan rage matsin don igiyar ta yi laushi, aikin yini ɗaya ne. Ya ƙi. Ya ce in injin ya yi zafi yana iya jan abinsa, jan farko na safe ne kawai matsala, kuma Sabon Gari ba nisa. Bai dube ni ba da yake faɗa.

Don haka yanzu kullum sai na biya ta Samaru kafin in buɗe shago. Yakan sa a ajiye mini koko. Jiya na makara, na tarar da shi zaune a bakin ƙofa, inji a gabansa, bai taɓa igiyar ba.

In za ki taho ki zo da man zafin nan na wajen Goggo, ki ce wa Baba na gwiwarki ne.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Felix.