Yaya, Na Baje Kartata

Yaya Sagir,

Assalamu alaikum. Ya Baba, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake a Landan. Ɗakin nawa akwai sanyi, amma bargo biyu na maganinsa.

Jiya abokiyar aikina ta kama ni ina yi wa waya murmushi, ta ce, "Zinatu, cards on the table!" Maganar 'yan caca ce, wato ka baje kartarka kowa ya gani. Ana faɗa wa mai ɓoye-ɓoye don ya fito fili.

To, ga tawa: sunansa Uwaisu, ɗan Zariya ne. Magabatansa za su zo gaisuwa bayan Sallah. Don Allah ka gaya wa Baba, ni kunya ba za ta bar ni ba. Amma kada ka ce masa maganar 'yan caca ce ta buɗe min baki!

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Zinatu