Saƙon Baba Kan Aikinka Na Teku

Ƙanena Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya iyali? Mu nan Fakuwa lafiya lau, sai wahalar gona.

Sau biyu gero yana ƙonewa bana. Jiya muna dawowa daga shuka ta uku, Baba ya tambaye ni aikin da kake yi a bakin teku. Na ce mashi da kwamfuta kake hasashen yadda teku zai ɗumama nan gaba, kuma daga can hadarinmu ke tasowa. Sai ya ce, "In ya hango sauƙi, ya faɗa mani. In babu, ya bar ni ban sani ba."

Inna na gaishe ka. Ka gaida mai ɗakinka. Ku sa mu addu'a, irinmu na ƙarshe muka zuba.

Yayanka,
Lawal