Ayar da Na Tsallake

Gaya, daren Laraba, cikin watan Rajab.

Yau na kai izu na arba'in a Alƙur'anin da limamin Gafasa ya sa ni rubutawa. Bayan la'asar ina bita a bayyane a zaure, Yaya Habu yana gefe yana tufkar igiya. Ko kai bai ɗago ba ya ce, "Sani, ka tsallake aya." Na musa. Sai ya kawo shafin duka da ka, tiryan-tiryan.

Na miƙa masa takardar ya nuna mini wurin. Ya daɗe yana bin layi da yatsa, yana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, har gumi ya karyo masa. Ya maido mini, ya ce har yanzu baƙaƙen cakuɗe masa suke yi. Da na natsu na duba, gaskiyarsa ce.

Yaya Habu fa, mutumin da in yana magana wurin sulhu kowa ke yin tsit. Shekara da shekaru Baba yana dukansa a kan allo, yana kiransa daƙiƙi.

Na gyara shafin. Liman zai yaba hannuna. Baba kuwa ya rasu yana zaton ni ne mahaddacin gidan nan.